Hanyar da Mota Ba Ta Bi: Tafiya a Keke a Gaɓar Kogin Mizuri

A jihar Mizuri da ke tsakiyar Amurka akwai wata hanya mai tsawon mil 240, wato kusan kilomita 386, wadda doka ta hana mota da babur bi ta kanta. Ba a shimfiɗa mata kwalta ba. Niƙaƙƙen farin dutse aka baza aka daɓe, irin dutsen nan da ake yin siminti da shi. Sunanta Katy Trail. Ta tashi daga garin Clinton a yamma ta dire a Machens a gabas, kuma fiye da rabinta gaɓar Kogin Mizuri take bi, gonaki a gefe ɗaya, tsaunuka a ɗaya gefen.

Karatu ne ya kai ni garin Columbia, kuma daga cikin garin akwai wani reshe mai kamar kilomita 14 da ke sada mutum da wannan hanya a kusa da ƙauyen McBaine. Ta nan na san abin da Turawa ke ta yayi a 'yan shekarun nan, wato hawan keke a kan tsakuwa.

Asalin hanyar layin dogo ne na kamfanin Missouri-Kansas-Texas, wanda mutane ke kira Katy. A watan Oktoban 1986 ambaliya ta lalata layin, kamfanin ya duba ya ga gyara ba zai biya ba, ya tattara ya bar shi. Shekara uku kafin nan, a 1983, majalisar Amurka ta yi wata doka mai dabara: idan jirgin ƙasa ya daina bin layi, ana iya ajiye filin a mai da shi hanyar ƙafa da keke, da sharaɗin in wata rana aka buƙaci jirgi, a mayar. Wani attajiri mai suna Ted Jones da matarsa Pat suka ba da dala miliyan 2.2 don a sayi filin a fara aiki. Aka buɗe kashin farko a garin Rocheport a 1990.

Ba a yi abin cikin ruwan sanyi ba. Manoman da layin ya ratsa gonakinsu sun ce jirgi kakanninsu suka bai wa wuri, tunda jirgi ya tafi, ƙasa ta dawo hannunsu, kuma ba su ga dalilin da baƙi za su riƙa gilmawa ta bayan gidajensu ba. Aka yi ta shari'a. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da dokar a 1990, a wata ƙara da ta taso daga jihar Vermont, daga baya kuma wata kotu ta ce wasu daga masu filayen Mizuri sun cancanci diyya. Ni dai ban ga laifinsu ba, gona ba abin wasa ba ce. Ana cikin haka sai babbar ambaliyar 1993 ta zo ta lalata wajen mil 75 na aikin da aka riga aka yi. Sai a 1996 aka samu hanya ta haɗe daga garin St. Charles zuwa garin Sedalia, a 1999 ta isa Clinton.

Gadon da jirgin ƙasa ya bar wa mai keke shi ne shimfiɗa. Jirgi ba ya son hawa da gangara, don haka injiniyoyin da suka yanka layin sun bi fadamar kogi, inda dutse ya tare su suka fasa shi. Shi ya sa a gaɓar kogin za ka yi awa guda kana murza feda ba ka haɗu da tudun da zai sa ka miƙe daga kan sirdi ba.

To, mene ne keken tsakuwa? In ka hango shi daga nesa sai ka ce keken tsere ne, saboda kansa a lanƙwashe yake kamar na 'yan gasa. Bambancin yana ga taya. Tayar keken kwalta siririya ce, kuma ana cika ta da iska tam. Ta tsakuwa kuwa tana kaiwa milimita 35 zuwa 50, ana kuma rage mata iska har zuwa kusan rabin waccan. Taya mai taushi tana lotsawa ta rungumi ƙananan duwatsu maimakon ta yi ta tsalle a kansu, sai girgiza ta ragu, santsi ma ya ragu. Da yawa ba sa sa tif a ciki. Wani farin ruwa mai danƙo ake ɗurawa, in ƙaya ta huda taya sai ruwan ya fito ya daskare ya toshe wurin, kana tafiya ba ka ma sauka ba. Birkinsa kuma na faifai ne, irin na babur, don ya kama ko da taɓo ya shafe taya.

Abin ya zama gasa sosai. A Emporia ta jihar Kansas, maƙwabciyar Mizuri, mutum 34 ne suka fara wani tseren mil 200 a hanyoyin gona a 2006, yau ana kiran sa Unbound Gravel, dubban mutane ke zuwa. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko a wannan fanni a Italiya. Kamfanoni suka ga kasuwa, yanzu akwai keken da kuɗinsa ya kai dala dubbai. Ni abin har dariya yake ba ni, don dattijon da ya ɗora buhun gero a kariyar Raleigh ya bi hanyar burji zuwa kasuwar ƙauye ya riga su sanin wannan harka tun ba a haife su ba, kuma ba wanda ya ba shi lambar yabo.

A kan Katy ba a buƙatar keke mai tsada. Nawa na hannu ne, duk wanda tayarsa ke da ɗan kauri zai kai ka.

Inda na fi so shi ne tsakanin McBaine da Rocheport, shi ma kamar kilomita 14. Kana barin McBaine gonakin masara da waken suya ne iya ganinka, da jingar da aka yi don tare ruwa. Ɗan nesa kaɗan da hanya akwai wata ƙatuwar bishiyar oak ita kaɗai a fili, ana ƙiyasta ta haura shekara 350, ambaliyar 1993 ta sha mata gindi, tsawa ta faɗa mata a 2020, tana nan tsaye. In ka wuce ƙauyen Huntsdale sai wuri ya matse. A damanka farin dutse ya miƙe tsaye tsororo, sai ka ɗaga kai kafin ka ga ƙarshensa, a hagunka kogi, faffaɗa, ruwansa ja-ja da laka, yana tafe da kututturan itace a hankali. Ba abin da kake ji sai ƙaras-ƙaras ɗin tsakuwa a ƙarƙashin taya. Wani lokaci kunkuru ne zai tare tsakiyar hanya, sai ka kauce masa, wani lokaci barewa ta yi tsalle ta faɗa kurmi. Ta wannan gaɓa ayarin masu binciken ƙasa na Lewis da Clark suka wuce cikin jiragen ruwa a watan Yunin 1804, kuma an kafa alluna da ke ba da labarin a wurare da dama. A bakin Rocheport akwai ramin da aka huda a cikin dutse a 1893, tsawonsa ƙafa 243, shi kaɗai ne a duk hanyar. Ko rana na dukan tsakiyar ka, kana shiga sanyi zai buge ka.

Masu bin hanyar su ne suka fi ba ni mamaki. Ga tsohuwa mai furfura fat da mijinta, ga yaro ɗan shekara biyar yana tangal-tangal uwarsa ba ta ko waiwaye. A titin mota, kunnen mai keke kullum a baya yake, yana sauraron abin da zai kwashe shi. A nan wanda zai wuce ka sai ya buga ƙararrawa ko ya ce yana hagunka, ka ɗan matsa, ya yi maka godiya ya wuce. Taka-tsantsan ɗaya ne: inda hanyar gona ta gilma, a tsaya a duba, don tarakta ba ta san keke ba.

Kada in yi ta yabo kamar ɗan talla. A watan Yuli da Agusta zafi da gumi na kwarin nan sai wanda ya gani, ga sauro, ga kaska a cikin ciyawa. In an kwana biyu ba ruwa, farar ƙura za ta bi sarƙar keke da ƙafafunka furu-furu, dole ka wanke ka sa mai in ka koma gida. In kuma an yi ruwa mai yawa ko ƙanƙara ta narke, ƙasa ta yi laushi, taya ta riƙa nutsewa. Kogi ma bai daina halinsa ba, a 2019 ya sake rufe wasu sassa. Kuma akwai wuraren da miƙewar hanyar kan gundure ka, bishiyoyi dama da hagu, ba kwana ba canji.

Ƙauyukan da jirgi ya bari suna gyangyaɗi sun ɗan farfaɗo da masu keke. Rocheport na da masaukai da wurin hayar keke, Hartsburg na bikin kabewa duk watan Oktoba, a Tebbetts akwai wani gidan kwana mai arha da aka tanada don matafiya. Wajen Hermann da Augusta gonakin inabi ne na jikokin Jamusawa, masu zuwa don giya sun fi yawa, irina sai mu sayi burodi da ruwan tuffa mu ƙara gaba.

In Allah ya kai ka Mizuri, ka nufi hanyar a watan Oktoba, lokacin da zafi ya karye ganye ya yi ja. Ka sa hular kwano, ka riƙe famfo da kayan faci, ka cika gorar ruwa biyu, don tsakanin wasu tashoshin akwai nisa, kuma da sanyi ya shigo ana rufe famfunan ruwa. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ake bin hanyar, kuma ba a biyan ko sisi.