Karin Harshe da Koyar da Muhawara a Ƙasar Moriki

Muhawara ba baƙuwa ba ce a makarantun Arewa. Tun zamanin Midil malamai suka san amfaninta, har a 1943 aka kafa ƙungiyar tattaunawa a Bauci, inda Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa gwada ƙarfin hujja. A yau ƙaramar sakandare ce ta gaji wannan aiki, watau aji uku na farko a tsarin 6-3-3-4.

Amma fa malamin da aka tura Moriki, ko Zurmi, ko Shinkafi, ko Ƙauran Namoda, zai tarar da wata matsala wadda littattafan koyarwa ba su cika kula da ita ba. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta. Yaron Moriki kuwa da Zamfarci ya tashi. Shi "munka" da "sunka" ya sani, ba "muka" da "suka" ba. Yakan ce "shina" a maimakon "yana", "wanga" a maimakon "wannan", "hwaɗi" a maimakon "faɗi". Waɗannan ba kurakurai ba ne ko kaɗan, ƙa'idojin karin yamma ne, kuma da irinsa Ibrahim Narambaɗa ya yi waƙoƙin da masana ke nazari har gobe.

To, yaro ya miƙe a gaban aji, ga kunyar da aka hore shi da ita ta hana shi ɗaga ido, ya dai daure ya fara magana. Idan malami ya katse shi don gyaran lafazi, hujjar da ya ɗauko ta zube ke nan, watakila kuma ba zai sāke ɗaga hannu ba har zangon ya ƙare.

Abin da ya fi dacewa shi ne a raba aikin biyu. Lokacin muhawara a bar yaro da harshen gidansu, a auna shi da abu uku kawai: ya faɗi matsayinsa, ya kawo dalili, ya amsa dalilin abokin jayayyarsa. Batun kuwa ya zama wanda ya sani, kamar noman gero da na auduga wanne ya fi riba. Bayan an tashi sai a sa shi ya rubuta jawabin nasa da Daidaitacciyar Hausa, a nan ne jan biron malami ke da hurumi.