Me ke faruwa a ƙwaƙwalwar Kirista idan yana addu'a?

A shekarar 2006 wani likita a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka, Andrew Newberg, ya wallafa sakamakon binciken da ya yi a kan wasu mata biyar Kiristoci. Dukkansu suna yin abin da ake kira magana da harsuna, wato addu'a da kalaman da mai yin su ma bai san ma'anarsu ba. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen cocin Fentikos a Jos ko a Sabon Garin Kano ranar Lahadi ya san wannan sauti.

Newberg ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar matan sau biyu: lokacin da suke rera waƙar yabo, da lokacin da suke magana da harsuna. A karo na biyu sai ya ga aiki ya ragu a sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, kuma shi ne ke taimaka wa mutum wajen tsara abin da zai faɗa da riƙe kansa.

Matan dama sun ce ba su ke juya harshensu ba, Ruhu Mai Tsarki ne. Masu wannan aƙida suka ga hoton ya gaskata su. Masu shakka kuwa suka ce ai ga shi nan, abin daga ƙwaƙwalwa ne. Hoto ɗaya, kowa ya ja shi ɓangarensa.

Neman "gurbin Allah" a cikin kai

Kafin wannan, Newberg ya yi irin wannan aiki da wasu sistoci uku na cocin Katolika suna cikin doguwar addu'a ta shiru. A wurinsu gaban ƙwaƙwalwa ƙara aiki ya yi, domin sun tattara hankalinsu wuri guda. Ke nan addu'o'i iri biyu a addini ɗaya sun ba da hotuna mabambanta.

A Kanada kuma, Michael Persinger ya yi gwaji da wata hular kwano mai aika raunanan igiyoyin maganaɗisu zuwa gefen kai. Ya ce yawancin waɗanda suka sa ta sun ji kamar akwai wani tare da su a ɗakin. Jaridu suka raɗa mata suna "hular Allah". Amma a 2005 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun sake gwajin ba tare da sanar da mutane ko na'urar a kunne take ko a kashe ba. Ba su ga wani tasirin maganaɗisun ba. Waɗanda suka ce sun ji wani abu su ne masu saurin yarda da abin da aka ɗarsa musu.

A 2006 Mario Beauregard na Jami'ar Montreal ya sa sistoci 15 cikin na'urar MRI, ya nemi su tuna lokacin da suka fi jin kusanci da Allah. Sassa da dama na ƙwaƙwalwa ne suka motsa tare. Bai samu wani gurbi ɗaya da za a nuna a ce nan ne mazaunin imani ba.

Sai kuma binciken Jami'ar Aarhus ta Denmak a 2009, a kan matasa Kiristoci 20. Da suka yi addu'a da kalmomin kansu, sassan da suka yi aiki su ne waɗanda mutum ke amfani da su idan yana hira da wani ɗan'adam. Wannan ya nuna cewa su a ransu da wani mai saurare suke magana. Ko akwai mai sauraren ko babu, na'urar ba ta da hanyar sani.

Inda malaman suka rabu

Francis Crick, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano tsarin DNA, ya rubuta littafi a 1994 yana cewa farin cikin mutum da baƙin cikinsa da tunaninsa duk aikin ƙwayoyin jijiya ne kawai. John Eccles, wanda ya samu kyautar Nobel a 1963 a kan yadda ƙwayoyin jijiya ke isar da saƙo, ya rasu yana riƙe da imanin cewa mutum yana da rai wanda ya wuce ƙwaƙwalwa.

Wasu malaman Kirista, irin su Nancey Murphy a Amurka, sun bi hanya ta uku. A ganinsu Littafi Mai Tsarki ya fi ɗaukar mutum a matsayin abu guda, jiki da rai a haɗe, shi ya sa begen Kirista ya rataya a kan tashin matattu da jiki. Don haka ba abin mamaki ba ne a ga alamar addu'a a ƙwaƙwalwa. Uwa ma idan ta ga ɗanta ƙwaƙwalwarta tana motsi, kuma ba wanda ya ce saboda haka ɗan ba ya nan.

Farfaɗiya: inda maganar ta shafi rai

Wurin da wannan muhawara ta fi taɓa talaka shi ne rashin lafiya. A Linjilar Markus sura ta 9 akwai labarin yaron da ke faɗuwa ƙasa yana kumfar baki yana cizon haƙora, har yakan faɗa wuta ko ruwa. Nassin ya danganta abin da baƙin ruhu, kuma Yesu ya warkar da shi. Likitan yau da ya karanta waɗannan alamu zai tuna da farfaɗiya, wadda ke tasowa daga rikicewar saƙonnin lantarki a ƙwaƙwalwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ta kuma ce har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan aka gano cutar aka ba su maganin da ya dace.

A ƙasar nan iyalai da yawa, Kiristoci da Musulmi, sukan fara kai mai farfaɗiya wurin addu'ar korar aljanu kafin asibiti, wasu ma ba sa zuwa asibitin sam. Akwai masu gudun taɓa shi, suna zaton yawunsa na yaɗa cutar, alhali ba a ɗaukar farfaɗiya daga wani.

Ba wani binciken ƙwaƙwalwa da ya hana iyaye yi wa ɗansu addu'a. Abin da likitoci ke roƙo shi ne kada a dakatar da magani saboda an yi addu'a, domin yanke shi farat ɗaya na iya jawo faɗuwa mai tsanani da kan kai ga mutuwa. Idan mutum ya faɗi, a kawar da shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. Idan jijjigar ta wuce minti biyar, a garzaya da shi asibiti.