Hannun Ƙasashen Waje A Zaɓen Shugaban Ƙasa: Ta Inda Yake Isa Ikara, Maƙarfi Da Kudan

Duk wanda ya ratsa fadamun Hunƙuyi da rani, ko gonakin rake na Maƙarfi, da wuya ya rasa ganin manomi da akwatin rediyonsa rataye a reshen itace, injin ban-ruwa yana ruri a gefe. Tun 1957 Sashen Hausa na BBC yake magana da mutanen wannan yanki. Muryar Amurka kuwa ta buɗe nata sashen a 1979, watau shekarar da Nijeriya ta fara zaɓen shugaban ƙasa bisa tsarin da ta aro daga Amurka. Saboda haka batun sa bakin ƙasashen waje a zaɓe ba baƙo ba ne a majalisun hira na ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne ta wace ƙofa wannan hannu yake shigowa gidan talaka.

Ƙofar Da Kowa Yake Gani

Zaɓen 2015 shi ne babban misali. A watan Janairu na shekarar aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Abuja a gaban Kofi Annan da Cif Emeka Anyaoku. Ran 25 ga watan Sakataren Harkokin Wajen Amurka, John Kerry, ya sauka Ikko, ya gana da Shugaba Goodluck Jonathan da Janar Muhammadu Buhari, ya kuma yi kashedin cewa za a hana masu ta da fitina izinin shiga Amurka. Ana saura kwana biyar a kaɗa ƙuri'a Shugaba Obama ya aiko da jawabi ga 'yan Nijeriya kai tsaye. Daga baya, a littafin da ya fitar a 2018, Jonathan ya zargi Obama da katsalandan. A wannan shekara kuma jaridun Ingila suka fallasa cewa wani attajiri mai goyon bayan Jonathan ya yi hayar kamfanin Cambridge Analytica domin ɓata sunan Buhari.

To amma duk wannan bai juya ƙuri'ar arewacin Jihar Kaduna ba. Tun a 2011, lokacin da babu wata babbar ƙasa da ake cewa tana bayansa, Buhari ne ya zo na ɗaya a jihar. Jawabin jakada da rahoton 'yan sa-ido suna da nauyi a Abuja, inda manya ke tsoron a hana su biza, kamar yadda Amurka ta sanar a 2019 da 2023. Manomin Kudan ba shi da fasfo balle ya ji tsoron haka.

Ƙofar Aljihu

Hanyar da ta fi tasiri ita ce ta kuɗi, kuma masana'antar tumatir ta Ikara shaida ce. A 1981 Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa ta domin ta riƙa sayen tumatirin manoman yankin. Ba a daɗe ba farashin man fetur ya karye a kasuwannin duniya. A 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, ta kuma shiga zaɓen 1983 tana neman rance daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Shagari ya ci zaɓe a watan Agusta, soja suka hamɓare shi ran 31 ga Disamba. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP irin wanda Asusun da Bankin Duniya suke so: aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin ciniki, har da ta auduga. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Masana'antar Ikara ta shafe shekaru masu yawa a rufe, yayin da tumatirin gwangwani daga Sin ya cika kasuwanni, na gida kuma yana ruɓewa a kwanduna a bakin hanya idan kaka ta yi. Sai a 2017 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir zuwa kashi 50 cikin 100. Haka abin yake ga rake. Maƙarfi ta yi suna da rake da mazarƙwaila, amma yawancin sukarin da ake sha a Nijeriya ɗanyensa daga Brazil ake kawo shi a tace a Ikko.

Takin zamani ma haka. Masara ba ta yi sai da taki, kuma a Disambar 2016, lokacin ziyarar Sarki Muhammad na Shida na Maroko, aka ƙulla yarjejeniyar da ta sa ake kawo sinadarin haɗa taki daga can, har aka riƙa sayar da buhu naira 5,500. Wani sinadarin kuwa daga Rasha ake sayo shi. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, shekara guda kafin zaɓe, farashin buhu ya yi tashin gwauron zabo tun daga Ikara har Hunƙuyi.

Darasin 2023

A zaɓen 2023 Alhaji Atiku Abubakar ne ya zo na ɗaya a Jihar Kaduna, Bola Tinubu ya ci ƙasa baki ɗaya. Amma akwai abin da su biyun da Peter Obi suka yi ittifaƙi a kansa tun kafin zaɓe, watau janye tallafin man fetur, abin da Asusun Ba da Lamuni da Bankin Duniya suka daɗe suna nema. Ke nan ko wane ne daga cikinsu manomi ya zaɓa, an riga an yanke wannan hukunci. Tinubu da Obi sun je Chatham House a London sun yi bayanin manufofinsu, kamar yadda Buhari ya yi a 2015.

Ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Kaduna cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka sake wa naira linzami, dalar da take kimanin naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Masu goyon bayan matakin suna cewa tallafin yana cinye baitulmali, kuma kason jihohi da ƙananan hukumomi ya ƙaru. Lalle ya ƙaru. Sai dai injin ban-ruwan da ke ruri a fadama fetur yake sha, motar da ke kai rake Kudu ma sai da mai take tafiya.

Ba laifi ba ne kowace ƙasa ta bi maslahar kanta, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙasar da take ciyo bashi, take sayo taki da sukari daga waje, ba ta da ƙarfin cewa a'a. Nauyin da ke kan ma'aikata da ɗalibai, waɗanda su ne ke karanta wa iyayensu takarda, shi ne su shirya tambayoyi kafin zaɓen 2027. Idan ɗan takara ko wakilinsa ya zo Maƙarfi da shinkafa da atamfa, a tambaye shi wane alkawari ya ɗauka wa masu bin Nijeriya bashi, nawa zai sa wa tumatirin waje haraji, kuma daga ina takin baɗi zai fito.