Turancin Baki Daban, Na Takarda Daban: Yadda A Ke Auna Yaran Ƙaramar Sakandare

A Sabon Badun ko Agege ko Idi-Araba, ba wuya a sami yaro ɗan shekara 13 wanda ya ke magana da harshe huɗu. Da Hausa ya ke gaida iyayensa, da Yarabanci ya ke wasa da 'yan unguwa, da buroka ya ke ciniki in an aike shi kasuwa, sa'an nan ga Turancin makaranta. Uban da ya ji ɗansa yana zuba wa ɗan sanda ko kwandasta Turanci ba gargada, sai hankalinsa ya kwanta, ya ce ai wannan fannin an gama da shi. Ranar da sakamako ya fito aka ga yaron ya faɗi a Turanci kuwa, sai a shiga zargin malami, ko a ce ƙabilanci ne. Alhali sau da yawa abin da ya faru shi ne, masu jarrabawa ba bakin yaro su ke saurara ba, takardarsa su ke dubawa.

Ita dai ƙaramar sakandare ta samo asali ne daga tsarin ilmi na 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982, watau shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Bayan da aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, sai aka haɗa shekarun tara na farko suka zama ilmin tushe wanda ya wajaba a kan kowane yaro. A ƙarshen aji uku ne a ke zama jarrabawar da a ke kira BECE. Hukumar NECO mai hedkwata a Minna tana shirya tata, jihohi kuma suna shirya tasu, kamar yadda Jihar Ikko ta ke yi ta hannun hukumar jarrabawarta. Ko ta wa aka zauna, Turanci na cikin darussan da ba a tsallakewa.

Takardar Turanci iri biyu ce a haɗe. Akwai tambayoyin da a ke bai wa yaro amsoshi ya zaɓi ɗaya, inda a ke auna nahawu da ma'anar kalmomi da fahimtar abin da ya karanta. Akwai kuma insha'i, inda za a ce ya rubuta wasiƙa, ko ya ba da labari, ko ya siffanta wani wuri da ya sani. Kashi na farko yana iya rufa wa yaro asiri, domin in amsoshi huɗu ne, ko da canki-canka ya yi, yana iya dacewa da ɗaya cikin huɗu. A insha'i kuwa babu inda zai ɓuya. Farar takarda ce da alƙalami, abin da ke cikin kansa shi zai fito.

Ya kamata iyaye su san yadda a ke raba makin insha'i, domin a nan ne gizo ke saƙar. A jarrabawar WAEC ta ƙarshen sakandare, maki 50 ne, an kasa su gida huɗu: 10 na abin da yaro ya faɗa, 10 na yadda ya tsara shi, 20 na iya sarrafa harshe, 10 kuma na tsabtar rubutu, watau nahawu da harhaɗa baƙaƙe da aya da waƙafi da babban baƙi. A wannan gida na ƙarshe, kowane kuskure rabin maki ne. Kuskure 20 ke nan sun cinye goman nan ƙurmus. Malamai da yawa suna bin wannan ma'auni tun daga ƙaramar sakandare, illa dai insha'in bai kai na manya tsawo ba.

To, a ɗauki jimla ɗaya irin wadda malaman Turanci suka saba gani: "yesterday my father go to the market and buy two goat". Duk wanda ya ji ta a baka ya fahimci maganar sarai, mahaifin yaro ya je kasuwa jiya ya sayo awaki biyu. Amma jan biro zai sauka a wuri biyar. Ba a soma da babban baƙi ba, ba a rufe da aya ba, "go" ya kamata ya zama "went", "buy" ya zama "bought", "goat" kuma ya zama "goats". Maki biyu da rabi sun tafi a layi guda. In aka jera irin wannan layi huɗu, gidan tsabtar rubutu ya zama kango, kuma mai dubawa ba zai yi wa gidan sarrafa harshe kyauta ba.

Waɗannan kurakurai suna da tushe, kuma ba daƙiƙanci ba ne. A Hausa, lokacin aiki ba a jikin aikatau ya ke ba: na saya, zan saya, na kan saya, kalmar tana nan yadda ta ke, abin da ke gabanta ne ke sauyawa. Turanci kuwa kalmar kanta ya ke murɗewa, wani lokaci ma ta rikiɗe gaba ɗaya. Haka nan Bahaushe yana cewa mota biyu ko naira goma ba tare da jam'i ba, kuma daidai ne. Ga rikicin "p" da "f", wanda ke sa yaro ya rubuta "fan" inda ya ke nufin "pan". Buroka kuma, maimakon ta taimaka, sai ta ƙara dagula lissafi, don kalmominta na Turanci ne amma ƙa'idarta daban ce. Yaron da ya saba da "I don chop" yana ganin Turanci ya yi. Sai dai akwai inda ɗan Bahaushe ya fi abokin zamansa sa'a. Hausa ta raba shi da ita, saboda haka "he" da "she" ba su cika ruɗa shi ba, alhali Yarabanci kalma ɗaya gare shi ga namiji da mace. Inda ya kan zame shi ne ya kira mota ko riga "she", tun da a Hausa mata ne.

Akwai kuma makin aikin aji, wanda iyaye 'yan kasuwa suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sakamakon zango ba na jarrabawar ƙarshe kaɗai ba ne. A makarantu da yawa kashi 30 ko 40 cikin ɗari yana fitowa ne daga ƙananan gwaje-gwaje da aikin gida. Yaron da aka tafi da shi Arewa bikin Salla ko suna ya ƙara mako uku, ko aka zaunar da shi a rumfa don maigida ya yi tafiya, ya riga ya zubar da wani abu daga wannan kaso tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa. 'Yan matan da a ke ɗora wa talla da safe su ma haka.

Su ma makarantun ba za a wanke su ba. Malamin da ke riƙe da aji huɗu, kowanne da yara 60, in ya ba da insha'i ɗaya, takardu 240 ke jiransa. Ko minti biyar-biyar ya ba kowace, awa 20 ke nan. Shi ya sa wasu malamai ke gudun insha'i su koma tambayoyin zaɓi da cike gurbi, masu saurin dubawa. Mafi muni shi ne inda a ke rubuta wa yara insha'i a allo su haddace. Irin wannan yaro zai ci gwajin aji lafiya lau, amma ranar da aka sauya masa tambaya sai ya zauna yana kallon rufi. Ƙananan makarantun kuɗi kuma wasunsu ba sa son ɓata wa mai biya rai, sai kowane yaro ya koma gida da maki mai daɗin gani.

Nauyin da ke kan Turanci kuwa ƙaruwa ya ke yi. A Nuwamban 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin 2022 na koyar da yaran firamare da harshen uwa, aka koma ga Turanci tun daga tushe. A can gaba, babu jami'ar da za ta ɗauki yaro in ba shi da kiredit a Turanci, kuma takardar Turanci tilas ce a jarrabawar JAMB, ko likita ya ke so ya zama ko injiniya.

Uban da bai yi boko ba yana da abin da zai iya dubawa, kuma ba "na nawa ka zo" ba ne. Ya ce a kawo masa littafin insha'i. Ya ƙirga sau nawa yaron ya yi rubutu mai cika shafi a zangon nan, ya duba ko akwai jan biro a jiki, ya kuma ga ko an sake rubuta aikin bayan gyara. Littafin da ya yi wata uku ba ja a cikinsa, ko dai yaron ba ya rubutu ne, ko malamin ba ya dubawa, kuma kowanne daga ciki ya isa a taka zuwa ofishin shugaban makaranta. Sa'an nan ya sa yaron ya rubuta wa kawunsa na gida wasiƙa da Turanci, a gabansa, ba littafi ba waya, a kai wa wani ɗalibin jami'a ko ma'aikaci a unguwa ya ƙirga kurakuran. In shafi ɗaya ya haura 20, a nemi mai koya masa tun yana aji ɗaya ko biyu, domin jarrabawar BECE a zango na uku na aji uku a ke yin ta.