Mace a Kujerar Adawa: Darasi daga Jihar Diffa

A ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka yi maci a Yamai domin an mayar da su saniyar ware a kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa. Wannan rana ce ta zama ranar matan Nijar. Duk da haka, a zaɓen 1999 mace ɗaya tak ta shiga Majalisar Dokoki mai kujeru 83. Dokar kason mata ta shekarar 2000 ta ware musu kashi 10 cikin ɗari na muƙaman zaɓe, kuma a 2004 mata 14 suka samu kujeru cikin 113. An ɗaga kason zuwa kashi 15 a 2014, sannan 25 a 2019.

Doka ta ba mace kujera, amma ba ta rage mata nauyin zama a ɓangaren adawa ba. Kafin juyin mulkin 2023, a Nijar jam'iyya ce ke jera sunayen 'yan takara na kowace jiha, jama'a su jefa wa jerin ƙuri'a. Saboda haka makomar 'yar majalisa tana hannun shugabannin jam'iyya, waɗanda akasarinsu maza ne. In ta cika tsage gaskiya, sunanta na iya komawa ƙasan jeri a zaɓe mai zuwa. Ga kuma matsalar kuɗi: magoya baya na zuwa da buƙatun suna, biki, jinya da abincin azumi, alhali 'yar adawa ba ta da minista ko gwamna da za ta jingina da shi.

A jihar Diffa nauyin ya ninka. Tsakanin garin Diffa da Yamai akwai fiye da kilomita 1,300. Bayan harin Boko Haram a Bosso da Diffa a Fabrairun 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka dakatar da cinikin tattasai da kifi, waɗanda su ne jigon arzikin gaɓar kogin Komadugu da Tafkin Cadi. A Sayam Forage, inda aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira a ƙarshen 2014, mutanen da suka tsero daga Najeriya ba su da ƙuri'a a Nijar, ƙauyukan da suka karɓe su kuwa suna raba ruwa da itace da makiyaya da su. Tambayar gwamnati kan irin waɗannan al'amura aikin ɗan adawa ne, sai dai a lokacin yaƙi mai tambaya kan sha zargin rashin kishin ƙasa. Matan sansani kuma suna da damuwar da ba za su faɗa wa namiji ba, ta haihuwa, ta takaba, ta cin zarafi. In wakiliya ba ta iya isa gare su ba, maganar ta mutu a tanti.

Akwai kuma makamin ɓata suna. Abokan hamayya sukan bar hujjar 'yar adawa su koma kan aurenta, suturarta da tarukan dare. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha irin wannan, har da ɗauri, a Arewacin Najeriya. Batutuwan iyali sun fi zafi: a 2006 majalisar Nijar ta ƙi amincewa da Yarjejeniyar Maputo kan 'yancin mata. A irin wannan muhawara Musulma 'yar majalisa tana tsaka mai wuya, in ta goyi baya a ce ta bi Turawa, in ta ƙi a ce ta yi watsi da 'yan'uwanta.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya kawo ƙarshen majalisar, a 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa. Duk ranar da aka koma zaɓe, ƙidayar kujerun mata ba za ta wadatar ba. Sai an tabbatar wa 'yar adawa lokacin magana a zaure, wuri a manyan kwamitoci, da tsaron da zai kai ta ga mutanen da ta wakilta.