Me Ya Sa Launin Haja Ke Sauyawa Idan An Tsayar Da Bidiyo?

Daga Ƙonni zuwa Illela, daga Maraɗi zuwa Jibiya, da yawa daga cikinmu ƴan kasuwa a yau da bidiyo muke tallar haja ta WhatsApp da Facebook. Mukan ce wa mai tace bidiyo ya tsayar da hoto cak a kan turmin atamfa ko shadda, don mai saye ya duba da kyau kuma a rubuta farashi. To, a daidai wannan wuri ne sau da yawa haske ke sauyawa: baƙi ya koɗe ya koma toka-toka, ko kuwa farar shadda ta haske har zanenta ya ɓace. Mai saye da ke nesa ya aiko kuɗi, kaya su isa, ya ce ba launin da ya gani ba ne. Shi ke nan an ɓata ciniki, an taɓa amana.

Dalilin bambancin ma'auni ne, kamar tiya da mudu. Kwamfuta na kasa haske mataki 256. Hoto tsayayye irin JPEG, mai bin tsarin sRGB da kamfanonin HP da Microsoft suka fito da shi a 1996, yana amfani da matakan duka, daga 0 zuwa 255. Shi kuwa bidiyo, bisa ƙa'idar Rec. 709 ta 1990, baƙinsa na kan 16, farinsa na kan 235. Idan aka ciro hoto daga bidiyo ba a juya ma'aunin ba, sai ya fito a koɗe. Idan kuma manhaja ta auna hoto da ma'aunin bidiyo, sai duhu ya yi yawa, fari ya ƙone.

Akwai kuma dalili na biyu. Tun daga iPhone 12 ta 2020, wayoyin salula da dama na ɗaukar bidiyon HDR, mai hasken da hoton JPEG na yau da kullum ba ya iya ɗauka.

Mafita ba ta da tsada. Mu ce wa mai tacewa ya tsayar da hoton a cikin manhajar da yake aiki da ita, kada ya ɗauki hoton fuskar waya ya liƙa. Mu kashe HDR kafin ɗaukar haja. Sa'annan kafin mu biya kuɗin aiki, mu kalli bidiyon a waya biyu ko uku, turmin na hannunmu, a inuwa da rana tsaka. In launin ya yi tsalle a wurin tsayawa, a mayar a gyara.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka.