Zaren gilashi mai ɗaukar magana: wa ke cin ribarsa?

A yau mai sayar da albasa a Madawa yana jin farashin Abijan tun bai yi lodi ba. Ɗan ci-rani daga Buza ko Keita kuma yana gaisawa da iyalinsa ido da ido ta salula. Mafi yawan wannan magana tana bin wani zare ne na gilashi, siriri kamar gashin kai, wanda ake binnewa cikin ƙasa ko a shimfiɗa ƙarƙashin teku. Da Faransanci ana kiransa fibar optik. Haske ne ke gudu cikinsa ɗauke da murya da hoto da rubutu.

Kamfanin Corning na Amurka shi ya fara ƙera irin wanda ke kai saƙo nesa, cikin shekara ta 1970. Manyan abokan gasarsa su ne Prysmian na Italiya, Sumitomo da Fujikura na Japan, da YOFC na ƙasar Sin. A ƙasarmu zaren ya bi babbar hanya daga Yamai zuwa Damagaram, ta Doso, Ƙonni, Madawa da Maraɗi. A 2016 kuma Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗin wani sabon layi na kilomita fiye da 1000, don haɗa Nijar da maƙwabtanta, har da Aljeriya da Cadi.

To, mai ɗan abin hannu zai iya samun rabo cikin wannan sana'a? Niger Télécoms, wanda aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom, mallakar gwamnati ne, ba a sayar da hannun jarinsa a kasuwa. Ƙofar da ta fi kusa da mu ita ce BRVM, kasuwar hannun jari ta ƙasashe 8 na UEMOA, wadda ta fara aiki a Abijan a 1998. Can akwai Sonatel na Senegal tun 1998, da Onatel na Burkina Faso, da Orange Côte d'Ivoire tun 2022. Waɗannan ba su ƙera zaren, amma su ke shimfiɗa shi su sayar da aikinsa. Da kuɗin sefa ake saye, ta hannun dillali mai izini, kamar SGI-Niger a Yamai. In kamfani ya ci riba kuma ya yanke shawarar rabawa, kowa ya samu gwargwadon hannunsa.

Sai dai girman kamfani ba ya hana asara. A shekara ta 2000 hannun jari ɗaya na Corning ya wuce dalar Amurka 100. Zuwa 2002 ya faɗi ƙasa da dala 2, saboda an shimfiɗa zare fiye da abin da ake bukata a lokacin. A wannan shekara ce Global Crossing, mai wayoyi ƙarƙashin teku, ya karye.

Manomin fadamar Tarka ya san wannan darasi. Wanda ya ajiye albasa cikin rudu yana jiran ta yi tsada, ya san wata za ta ruɓe, kuma ba ya taɓa hatsin rumbu saboda ita. Haka hannun jari yake: da rarar kuɗi ake sayensa, a yi haƙurin shekaru.

Saboda haka, ƴan'uwa masu karatu, duk wanda ya zo muku da alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ku tambayi takardar izininsa, ku karanta ta da kanku. Ba a cinikin biri a sama.